Yaren da ba a taɓa yi miki faɗa da shi ba

Ɗiyata, na ga saƙonki tun daren Talata, ina dutin dare ne shi yasa ban amsa ba, kuma in gaya miki gaskiya da na karanta sai da raina ya ɗan sosu, don ke ce ta huɗu a watan nan da ta turo min magana kusan iri ɗaya. Kince kin gama matakin A2 na koyon Jamusanci kina shirin B1 da ke gaba da shi, kina so ki zo Jamus ki yi karatun jinya irin wanda na yi, wai an gaya miki B1 ya isa a ba mutum biza, sauran yaren kuma in kin zo za ki tsince shi a bakin mutane, "ai Goggo ke ma haka kika yi, kuma ni ina da Turanci". Sai kika rufe da tambayar nawa ake biyan ɗalibi a wata da ko ana iya jure wa sanyin.

Maganar kuɗi da sanyi ki bar su, kowa kika tambaya zai gaya miki. Eh ni ma haka na yi, na zo da guntun yare na ƙarasa a nan, amma ba wanda ya taɓa tambayata me hakan ya ci min, kowa hoton da nake turowa da farar riga yake gani. To yau ki zauna ki karanta har ƙarshe, in kin gama ki miƙa wa babanki shi ma ya karanta tunda na san shi ke zuga ki.

Ku a gida kun ɗauka wahalar sabon yare ita ce rashin ganewa, a yi magana ka yi ta kallon bakin mutum. Wannan akwai shi kuma yana da zafi, amma yana wucewa, wata shida ko shekara kunne ya buɗe. Ni abin da ya cuce ni bayan kunnena ya buɗe ya same ni.

Ina wata na bakwai da zuwa na shiga wani shagon waya a cikin gari, layi kawai nake so wanda zan riƙa kiran Hajiya da shi. Yaron shagon mai fara'a, ya zaunar da ni ya yi min bayani a hankali, ya ɗauko sabuwar waya yace yuro 1 kawai zan bayar yau, ya juyo min takarda ya ɗora yatsa a kan layin da ke cewa kwantiragin na wata 24 ne kuma duk wata za a cire kuɗi daga asusuna. Wallahi ɗiyata na gane kowace kalma. Da jarrabawa ce aka ce in fassara layin nan da na ci. Amma ko ɗar ban ji ba, kamar ina karanta darasi a littafin koyon yare irin wanda ake cewa wance ta je kasuwa ta sayi tuffa, na karɓi biro na sa hannu har da godiya. Sai da daddare ina ba wata 'yar Nijar da muke gida ɗaya labari da Hausa, na ji bakina yana cewa "na ci bashin shekara biyu", a nan take gabana ya yanke ya faɗi, zufa ta keto min a tsakiyar sanyin Nuwamba. Maganar dai ita ce wadda na karanta da rana, ba a ƙara mata ko wasali ba. Kalmar bashi ce kawai ta zo da muryar Hajiya a bayanta, ke kin san yadda take da bashi, ko gishiri ba ta yarda a karɓo mata a shago a ce sai gobe.

Washegari da sassafe na koma in fasa aka ce ba hali. Dokar ƙasar nan tana ba mutum kwana 14 ya janye in a intanet ya ƙulla cinikin ko ta waya ko wani ya biyo shi har ƙofar gida, amma wanda ya shiga shago da ƙafarsa ya sa hannu ba shi da wannan damar. Wata 24 cif na biya, a lokacin da ɗan kuɗin aljihu kawai ake ba ni, akwai watan da taliya da mai da yaji na yi ta ci sati biyu a jere. Ban taɓa gaya wa kowa a gida ba sai yau. Tun daga ranar duk takardar da za a ce in sa hannu sai na ce su ba ni in tafi da ita gida, in zauna in faɗi abin da ke ciki da ƙarfi da Hausa, in kwana a kai, in cikina bai juya ba sannan in koma. Gidan haya, inshora, gidan motsa jiki, canjin wurin aiki, duk haka nake musu, kuma ba ruwana da mai shago in ya ɓata rai.

Na daɗe ina ɗauka ni kaɗai ce abin ya samu. Sai a shekara ta biyu ta makarantar jinya malamar da ke koya mana yadda ake magana da marasa lafiya ta kawo zancen, saboda kusan rabin ajinmu baƙi ne, 'yan Filifin, 'yan Bosniya, 'yan Tunisiya, 'yan Indiya. Ta ba mu labarin wani bincike na jami'ar Boston a Amurka da aka buga a 2003, wata Catherine Harris da abokan aikinta suka samu Turkawa da suka koyi Turanci da girmansu, suka liƙa musu na'ura a yatsu mai auna ɗan gumin da fata ke fitarwa in abu ya taɓa mutum, suka riƙa jiyar da su kalmomi da yare biyun, zagi da irin faɗan da ake yi wa yara. In faɗan ya zo da Turkanci jiki ya amsa sosai, in ya zo da Turanci sai ya amsa kaɗan, alhali sun san ma'anar sarai. Tana faɗa ni kuma ina jin "ba ki da kunya" ta Hajiya a kunnena. Har yau da shekara talatin da ɗoriya in wani babba ya ce min haka sai ƙafafuna sun yi sanyi. Jamusanci kuwa a aji na koye shi ina zaune a kujera, ba a yi min faɗa da shi ina ƙarama ba, ba a lallashe ni da shi ba, ba a taɓa sanar da ni rasuwa da shi ba, to da me zai tsorata ni.

Daga nan na shiga neman sauran da kaina. A jami'ar Chicago wani Boaz Keysar da ɗalibansa sun yi gwaji da aka buga a 2012, aka ba ɗalibai dala 15 guda-guda, kowane zagaye ko ka riƙe dalarka ko ka sa ta a jefa kwabo sama, in ka ci ta koma dala 2 da rabi, in ka faɗi ta tafi. Waɗanda aka yi wa bayanin da yarensu na Turanci kashi 54 cikin ɗari na lokutan suka yarda suka sa, waɗanda aka yi wa da Sifaniyancin da suka koya a makaranta kashi 71. Su masu binciken sun ɗauke shi abin alheri, don a lissafi sa dalar ya fi riba, tsoron asara ne ke hana mutane, yaren waje kuma ya rage wannan tsoron. Ban musa musu ba, lissafinsu daidai ne. Amma ni ina karantawa shagon wayar nan nake gani. Tsoron asarar nan shi ke tsare talaka, mu da ba mu da dala 15 ɗin wasa, kuma a waje ba wanda zai tsara miki ciniki yadda ribar ke gefenki kamar yadda jami'a ta tsara wa ɗalibanta.

Wanda ya hana ni barci shi ne na Albert Costa na Barcelona da abokansa a 2014. Tambaya suka yi wa mutane, jirgin ƙasa ya taho zai take mutum biyar, kana kan gada da wani ƙato a gabanka, in ka tura shi ya faɗa kan layi jirgin zai tsaya biyar ɗin su tsira shi ya mutu, za ka tura shi? Da yaren uwa kashi 18 cikin ɗari suka ce za su tura. Da yaren da aka koya kashi 44. Ki duba fa, ran mutum ake magana, kuma aikin da kike so ki zo ki yi rai ne a hannunki tun daga safe har dare. Sun kuma lura cewa gwargwadon yadda mutum ya ƙware a yaren haka amsarsa ke komawa kusa da wadda zai bayar da yaren uwarsa. Wannan kaɗai ya isa in ce miki kar ki taho da B1. Bizar ma ko an ba ki, makarantu da yawa B2 da ke sama da B1 suke nema, kuma B2 ɗin ma bakin ƙofa ne kawai.

Maganar kina da Turanci kuwa, Turancin ma ai ba da shi aka goye ki ba. Dubi yadda mutane a gida suke danna maɓallin amincewa a manhajojin ba da bashi na waya ba tare da ko numfashi ba, da wani ne ya tsaya gabansu da Hausa yace in ka makara zan aika wa duk wanda ke cikin wayarka saƙo har da surukanka cewa kai maci bashi ne, mutum nawa za su danna? Sannan a nan tsohuwa 'yar shekara 88 da ta faɗi a banɗaki ba da Turanci za ta gaya miki inda ke mata ciwo ba, wani lokaci ma ba da Jamusancin littafi ba, da na ƙauyensu.

Ba zan ɓoye miki ba, wannan sanyin zuciyar ya yi min rana a wasu wurare kuma ina alfahari da su. Ni da a gida ba na iya ce wa babba a'a ko da kuwa zan kwana ina kuka, a nan na shiga ofishin shugabar sashenmu na farko na ce mata ba zan ƙara karɓar dutin da ba nawa ba, wata uku ina cike gurbin mutane a ranakun hutuna saboda an ga ba na musu. Nein ɗin, wato a'a, ya fito fes ko muryata ba ta yi rawa ba. Da Hausa zan yi maganar nan da na fara da don Allah a yi haƙuri, in kewaya in kewaya, in fito ban faɗa ba. Da wannan bakin na nemi canjin wurin aiki na samu, da shi na ƙi gidan haya da aka so a cusa min. Kuma da shi nake iya tsayawa gaban 'ya'yan mara lafiya in ce musu su kira sauran 'yan'uwa mahaifiyarsu ba za ta kai safiya ba, in faɗa a natse in riƙe musu hannu in koma aikina.

Sai wata rana, lokacin ina zagayen koyon aiki a wani asibiti, aka zo ana neman mai jin Hausa. Wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi, sa'an babanki ko ya ɗan girme shi, ba Jamusanci sai ɗan Turanci kaɗan. Likita ta yi min bayani a bakin ƙofa, ciwon dajin ya bazu har hanta, ba maganar aiki, sai dai a rage masa raɗaɗi. Na saurara na gyaɗa kai har ina tambayarta sunan maganin, kamar kowace rana. Muka shiga, ya ɗago ya dube ni yace "'yata, me suka ce?" Wallahi na buɗe baki maƙogwarona ya rufe. Kalmomin da na ji minti ɗaya da ya wuce ban ji komai ba, da na zo juya su Hausa sai suka yi nauyin da harshena ya kasa ɗagawa. Da ƙyar na ce Baba sai haƙuri, sai addu'a, shi ya ƙarasa min sauran da kansa yana cewa ba komai 'yata ai dama aro aka ba mu. Na fita na shiga ɗakin ajiyar zanen gado na yi kuka. Ranar na san cewa natsuwar da ake yabona da ita a wurin aiki rabinta ta yaren ce.

Kuma wannan sanyin yana sa mutum rashin ladabi bai sani ba. Na taɓa jefa wa wata abokiyar aiki sa'ar Hajiya wata magana da na tsinta a bakin yara a jirgin ƙasa, ni a kunnena ba ta da wani kaifi, matar nan ta yi ja ta fita tana share ido, sai da wata ta ja ni gefe ta gaya min abin da na faɗa kamar ka ce wa babba rufe min baki ne. Zagin da ba za ki taɓa iya furtawa da Hausa ba za ki ji yana fita da yaren nan kamar ruwa. Sannan ke budurwa ce, bari in faɗa miki ko da za ki ji kunya. Maganar so da alkawari da yaren waje ba su da nauyi a baki, ga mai faɗa da mai amsawa. Na ga yaran mu na Afirka a nan sun amsa abubuwa da eh waɗanda da da yarensu aka tambaye su ko ɗaga kai ba za su yi ba. Duk namijin da ya gaya miki magana, ki maimaita ta da Hausa ki ji ko za ki iya faɗinta a gaban babanki.

Yanzu maganar riƙe abu a kai, wadda ita ce za ta fara cin ki tun satin farko. Jamusawa lamba a juye suke faɗinta, 49 sai su ce tara da arba'in, kamar yadda Larabci ke yi in kin tuna darasin Islamiyya. Kunnenki zai ji tara da farko hannunki ya rubuta 9, kafin arba'in ɗin ta iso kin riga kin rubuta 94. A shago wannan ba komai. Amma a wajen miƙa aiki ƙarfe shida na safe, wadda ta kwana tana so ta tafi gida tana zuba miki awon mutum goma sha biyar a jere, bugun zuciya 49 da bugun zuciya 94 ba mara lafiya ɗaya ba ne, ɗaya sai ki wuce ɗaya sai an duba shi yanzu. Ya taɓa faruwa da ni sau ɗaya, Allah ya taimake ni na koma na auna da kaina saboda fuskar matar ba ta yi min ba. Tun daga nan nake maimaita kowace lamba ɗaya-ɗaya, huɗu, tara, ko za a ce na cika ɓata lokaci. Agogo ma haka, halb drei kunnenki zai ji rabi da uku, ki ɗauka uku da rabi, alhali biyu da rabi ake nufi. Na makara awa guda cur a wani ofishi saboda wannan, sai da na jira makonni kafin a sake ba ni rana, takardata kuma tana gab da ƙarewa.

Har yau bugun zuciya da Hausa nake ƙirga shi a zuci, lissafin sau da Turancin firamare yake fitowa, sannan in juya in faɗa da Jamusanci. Kai ɗaya aiki uku. Zuwa ƙarfe biyu na rana kan ya yi laushi, a lokacin ne mutum ke fara cewa ja ja, wato eh eh da Jamusanci, ga duk abin da aka ce masa don kawai a ƙyale shi, kuma a lokacin ne ake zuwa da takardar canjin duti.

A shekarar farko dabara na yi wadda ta kusa kayar da ni. Karatun sassan jiki ya yi min wuya da Jamusanci, sai na koma YouTube ina kallon bayanin da Turanci, na gane tas, zan iya zana miki zuciya da duk hanyoyin jininta ido a rufe. Ranar gwajin baki malamai biyu suna zaune suka ce in yi bayanin yadda jini ke zagayawa. Abin yana nan a kaina ina ganinsa, amma da Turanci na ajiye shi, ƙofar Jamusanci kuma ta ƙi buɗewa, na yi ta in'ina ina nuni da hannu kamar wadda ba ta taɓa buɗe littafi ba. Daga baya na ga masu bincike a jami'ar Ghent ta Beljiyam sun gwada irin wannan, ɗalibai suka karanta darasi da yarensu ko da Turanci, in tambayar gaskiya ne ko ƙarya ce ba wani bambanci, amma in aka ce rubuta duk abin da ka tuna da yare na biyu sai maki ya faɗi. Gane abu in an nuna miki daban, fito da shi da bakinki daban. Jarrabawar ƙarshe a nan kashi uku ce, ta rubutu, ta baki, da ta aiki a gaban mara lafiya kina yi kina bayani, ba inda za ki ɓuya a bayan zaɓi ɗaya cikin huɗu. Dole na rushe komai na sake daga tushe, in karanta da Jamusanci, in rufe littafi in yi wa bangon ɗakina bayani da ƙarfi da Jamusanci, kullum bayan isha'i har shekara biyu. A 2023 na ci duka ukun a zama ɗaya, wasu da aka haifa da yaren sai da suka maimaita. Ba wanda ya ba ni wannan, da haƙorina na ƙwace shi.

Abin da ya fi yi min ciwo ba a makaranta yake ba. Kwanaki babanki ya gaya min Hajiya ta yi ƙorafi wai na zama mai zurfin ciki tunda na zo Turai, in ta ce ya aikin sai in ce lafiya lau alhamdulillah shikenan. Na yi kwana biyu maganar nan tana cina. Ba ɓoye mata nake ba wallahi. Satin yana cike da abubuwa, wanda ya rasu, wadda ta tashi ta taka bayan wata biyu a kwance, faɗan da aka yi a ɗakin hutu, amma duk da Jamusanci suka faru, in na ji muryarta da Hausa sai in laluba in ji wayam, sai na ajiye wayar suke dawowa ɗaya bayan ɗaya. Wata Viorica Marian da malaminta Ulric Neisser sun nuna wannan tun shekara ta 2000 da mutanen da aka haifa a Rasha suka koma Amurka, in aka yi musu tambaya da Rashanci sai abubuwan zamansu na can su fi zuwa, in aka yi da Turanci sai na zaman Amurka. Haka nake. In abokan aiki suka ce in ba su labarin yarintata sai in ba su guntu mara gishiri, gida babba ne muna da yawa akwai zafi. Amma ranar nan 'yar Nijar ɗin nan ta ce ƙanzo kawai, sai ga zauren gidanmu, ga bakin rijiya, ga Hajiya tana kankare tukunya tana kiran sunayenmu a jere tana haɗa na wannan da na wancan, har ƙamshin hayaƙin na ji. Yanzu kafin in kira ta nakan zauna in rubuta abubuwa uku da Hausa a takarda, in ba haka ba ba abin da zai fito. Ki gaya mata wannan, ni na kasa.

A sashen da nake yanzu akwai wani tsoho Baturke, cikin waɗanda suka zo aikin ƙarfi bayan yarjejeniyar da Jamus ta ƙulla da Turkiyya a 1961. Ya fi shekara hamsin a ƙasar nan, 'ya'yansa sun ce a da shi ke cike wa maƙwabta takardun ofis saboda Jamusancinsa. Gigin tsufa ya kama shi, Jamusancin ya yi ta zuba kaɗan-kaɗan har ya ƙare, ba abin da ya rage sai yaren da uwarsa ta yi masa. Da daddare yakan yi ta kiran anne, anne, wato inna. Wani dare yana ta cewa su, su, yana dukan gefen gado, ni da ɗayar da muke duti ba mai jin Turkanci, muka duba zanensa muka gyara matashi muka auna shi, ya ƙara birkicewa, sai da na duba a waya na ga ruwa yake nufi. Ƙishirwa kawai yake ji, mun fi minti ashirin muna kewaye shi. Na kawo kofi na tallafo kansa na ce Bismillah, sai ya tsaya cak ya dube ni, na fara Fatiha a hankali ya kama tare da ni har ƙarshe bai tsallake ko aya ɗaya ba, mutumin da bai san sunan 'yarsa ba.

Turkawa miliyoyi ne a ƙasar nan, da safe akwai wadda za ta zo ta yi masa magana da yarensa. Ni ina zaune a bakin gadonsa har ya yi barci ina tunanin in nawa lokacin ya zo a nan, wa zai san me ruwa yake nufi.

Don haka ki ƙarasa B1 ɗinki ki wuce B2 a gida, ki je Legas ki zana jarrabawar Goethe, cibiyar koyar da Jamusanci, ko zai ɗauke ki ƙarin shekara, ba a fafe gora ranar tafiya. In kin ci ki turo min hoton takardar sannan mu fara maganar makaranta, kafin nan kar ki ba kowane dillali ko sisi, kuma duk takardar da aka turo miki ko ta shafi ɗaya ce ki turo min tukuna. Sannan ina da roƙo. In kin je gida ƙarshen satin nan ki zaunar da Hajiya ki kunna wayarki ki ɗauko min muryarta, ta ba da labarin aurenta da sunayen 'yan'uwanta na ƙauye da waƙar nan da take yi in tana daka, ki bar ta ta yi ta zuba ko awa ɗaya ce kar ki katse ta, ki turo min ni kuma ki ajiye naki.

Ki gaida babanki. Ki ce wa Hajiya ranar Lahadi ina dutin safe, sai bayan la'asar ɗinku zan kira, ta ajiye wayar kusa da ita.